Me ya kai kokwamba mai tsami gidan sinima?

Tambayar ta fito ne daga wani ƙanenmu da ke karatu a Dallas, a jihar Teksas ta Amurka. Ya ce sun je kallon fim da abokan karatunsa, a wurin da ake sayen gugguru da lemo sai ya ga wata ƙatuwar kwalba cike da manyan kokwamba cikin wani koren ruwa. Mutane na saye ɗaya-ɗaya, a naɗe musu a takarda, su shige zauren kallo suna gatsa. Abokinsa ɗan Kaliforniya ma ya ce shi bai taɓa ganin haka ba. Shi ne yake tambaya: mene ne haɗin kokwamba mai tsami da kallon fim, kuma me ya sa sai a Teksas?

To ƙanena, ruwa ba ya tsami banza. Abin da ka gani tsohuwar al'ada ce a Teksas da Oklahoma da wasu sassan kudancin Amurka. Ta zauna musu har da yawa daga cikin 'yan Teksas ba su san ta yankinsu ce kaɗai ba, sai ranar da ɗayansu ya je wata jiha ya nemi kokwamba a sinima aka bi shi da kallo. Ni sana'ata sayar da abinci a wuraren da jama'a ke taruwa, don haka daga bayan kanta zan ba ka amsa, domin a can dalilin yake.

Bari in fara da ita kanta kokwambar, saboda waɗanda ba su taɓa sa ta a baki ba. Pikil suke ce mata, kuma hanya biyu ake yin ta. Tsohuwar hanya ita ce a tsima kokwamba a ruwan gishiri na wasu makonni, ƙwayoyin halittar da ke jikinta su cinye ɗan sukarin da ke cikinta su mayar da shi tsami. Dangin waɗannan ƙwayoyin ne suke sa nono da gasara su yi tsami. Hanya ta biyu ta gaggawa ce: a zuba mata ruwan khal da gishiri da tafarnuwa da wani ganye mai ƙamshi da ake kira dil, a rufe kwalbar, a ɗumama ta da zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta. Ko ta wace hanya aka bi, abin da ake nema shi ne tsamin ya kai inda cuta ba za ta iya zama ba. A ma'aunin tsami na pH dokar abinci ta Amurka ta ja layi a kan 4.6, kuma wadda ake sayarwa tana ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ka riƙe wannan, domin rabin amsar kenan. Abinci ne da tun asali aka ƙirƙiro shi don ya daɗe bai lalace ba.

Wadda ake sayarwa a sinima ba irin siraran yankan da ake jerawa cikin burodi da nama ba ce. Guda ce sukutum, tsawonta ya kai tafin hannun babba, kaurinta ya cika hannu. Gatsar farko sai ka ji ƙaras, ruwa mai sanyi ya cika maka baki, tsami da gishiri su kama gefen harshe, idonka ya ɗan runtse. Wanda ya taɓa cin ɗanyen mangwaro da gishiri da barkono ya san irin abin da take yi wa baki, ya kuma san yadda mutum ke ɓata fuska amma hannunsa na komawa.

Yanzu mu shiga lissafin gidan. Kuɗin tikitin da ka biya ba na mai sinima ba ne duka. Fiye da rabinsa na tafiya ne ga kamfanin da ya shirya fim ɗin ya rarraba shi. Idan fim ɗin babba ne da kowa ke ɗokin gani, kamfanin yakan ƙara wuya. A 2017 Disney ta nemi kashi 65 cikin ɗari na kuɗin tikitin wani fim ɗin Star Wars, da sharaɗin a bar shi a zaure mafi girma har mako huɗu. Daga ragowar ne mai gida zai biya hayar gini da wutar lantarki da na'urar sanyaya zaure da albashin ma'aikata da inshora da gyaran kujeru. In da tikiti kaɗai ya dogara, da tuni ya rufe.

Kantar kayan ƙwalama kuwa ba shi da abokin tarayya a cikinta. Duba rahotannin shekara-shekara na Cinemark, babban kamfanin gidajen sinima wanda hedikwatarsa ke Plano, nan kusa da kai. Za ka ga abin da suke kashewa wajen sayo masara da mai da ruwan lemo da kofuna bai kai kashi 20 cikin ɗari na cinikin kantar ba. A kowace dala da ka ajiye a kanta, sama da santi 80 na zama a gidan kafin a cire albashi. Wasu masana tattalin arziki biyu, Ricard Gil da Wesley Hartmann, sun yi nazarin wannan harka da alƙaluman wasu gidajen sinima na Sifaniya, aka buga a 2009. Alƙaluman da aka yi ta yaɗawa tare da aikin nasu sun ce kayan ƙwalama kusan kashi 20 ne na kuɗin shiga, amma kusan kashi 40 na riba. A yau kason kantar a manyan kamfanonin Amurka ya haura kashi 30 na kuɗin shiga. Abin da ya fi burge ni a binciken shi ne bayanin da suka yi cewa tsadar gugguru ce take riƙe farashin tikiti a ƙasa. Mai son fim ƙwarai shi ne mai sayen kayan ci, shi ake caja a kanta, a bar ƙofar shiga da sauƙi don mai ƙaramin ƙarfi ma ya shigo. Ko ka yarda da adalcin tsarin ko ba ka yarda ba, haka yake tafiya.

Da can ba haka abin yake ba. Manyan gidajen sinima na shekarun 1920 sun ɗauki kansu ne a sahun gidajen wasan kwaikwayo na masu hali, da kafet mai tsada da fitilu na alfarma, kuma ba sa son ganin abinci ko kaɗan. Gugguru a lokacin abincin titi ne. Charles Cretors ya ƙera injin soya shi mai aiki da tururi a Shikago a 1885, ya kai shi babban bajekolin duniya na 1893 a birnin, daga nan masu tura amalanke suka bazu da shi. (A wannan bajekolin ne ma H. J. Heinz, mai kamfanin tsimammen abinci, ya yi ta rabon 'yan ƙananan bajo masu siffar kokwamba don jawo mutane zuwa rumfarsa, ka ga gugguru da kokwamba sun daɗe da sanin juna.) Masu amalanken sai su tsaya a ƙofar sinima, mutane su saya su ɓoye a aljihun kwat.

Abu uku suka karya wannan girman kai. Fim mai magana ya zo a 1927, aka daina dogara da rubutun da ake nunawa a allo, wanda bai iya karatu ba ma ya samu shiga, taron ya sauya. Karayar tattalin arziki ta 1929 ta biyo baya, jakar gugguru ta santi 5 ko 10 ta zama ɗan abin marmarin da talaka zai iya saya. Masu gidaje suka fara ba da hayar wani lungu a harabarsu ga masu sayarwa, irin su Julia Braden, wata gwauruwa a Kansas City da ta samu izinin kafa teburinta a Linwood Theater. Da suka ga abin da 'yan hayar ke kwasa sai suka karɓe sana'ar da kansu. Sannan Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka fara rabon sukari da kati a 1942, alewa da cakulan suka yi wuya, gishiri ya samu fili. Bayan yaƙi kuma kotun ƙoli ta yanke hukunci a 1948 cewa manyan kamfanonin fim su rabu da gidajen sinimarsu, talabijin ta shiga gidaje ta janye 'yan kallo. Tun daga lokacin kanta ce ke ciyar da gidan.

Idan ka fahimci haka, tambayar ta koma: wane irin kaya ne ya cancanci wuri a kan wannan kantar? Wurin kaɗan ne, lokacin ma kaɗan ne. Cinikin gaba ɗaya yana faruwa ne cikin 'yan mintuna kafin a kashe fitila, masu sayarwar kuma yawanci 'yan makarantar sakandare ne da ba su daɗe da fara aiki ba. Duk kayan da ke buƙatar mai dafa abinci, ko wuƙa, ko jira, ya faɗi tun kafin a gwada shi.

Ka tsaya a bayan kanta da dare bayan fim na ƙarshe, za ka ga abin da nake nufi. Ana ƙirga kofuna da jakunkunan takarda ɗaya bayan ɗaya, domin da su ake gane ko ciniki ya yi daidai da kuɗin da ke cikin akwati. Ana kankare tukunyar gugguru, mai ya ƙone ya manne a gindinta. Tsiran naman da ya wuni yana juyawa a kan injin ɗumama ya yamutse, sai kwandon shara, kuma asara ce da za a rubuta. Injin narkakken cuku yana jiran wanki. Injin lemo sai an kwance bakunansa an jiƙa. Kwalbar kokwamba fa? A ɗaure murfinta a tura ta firij. Gobe tana nan yadda take, jibi ma haka. Wadda ba a buɗe ba kuwa za ta yi watanni a sito ba ta nemi ko sanyi ba. Irin da ake sa wa a leda ɗaya-ɗaya da ruwanta ta fi ma sauƙi, ko hannu ba a sa mata. Kamfanin Van Holten's na jihar Wisconsin ya fito da wannan dabara tun 1939. A sana'ar abinci, kayan da ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar gwaninta, ba ya kwana ya zama asara, samunsa sai an tona.

Ga wani abin da masu saye ba su cika sani ba. A kasuwar kokwambar tsimi, da kauri ake rarraba ta, kuma ƙanana ne masu tsada. Manyan da suka wuce misali sun fi araha a awo, shi ya sa ake yayyanka su ko a niƙa. Amma a idon mai saye a sinima, girman nan shi ne darajarta. Kwalbar galan ɗaya tana ɗaukar goma sha wani abu. Mu ƙaddara mai gida ya sayo kwalbar a kan dala goma, kowace guda ba ta kai masa dala ɗaya ba, ya sayar a dala uku. Ribarta a kaso ba ta kamo ta gugguru ba, don babu abin da ke kamo gugguru, amma ba ta ci masa wuta ko injin dubban daloli ba. Mai sayen kuma yana jin ya ci riba, domin alewa ta ƙare tun ana tallan finafinai masu zuwa, ita kuwa yaro zai yi rabin fim yana tsotsa yana gatsa.

Sai babban dalilin, wato ƙishirwa. Lemon famfo, wanda ruwa ne da iskar gas da ɗan ruwan zaƙi da tulin ƙanƙara, yana cikin kayan da suka fi kowanne riba a kanta. Duk abin da zai sa mutum ya nemi lemo abokin mai gida ne. Gishirin gugguru ma na musamman ne, an niƙe shi lukui don ya manne wa kowace ƙwaya. Babbar kokwamba guda kuwa tana iya ɗauke da sinadarin sodiyam sama da miligiram 1,000. Mai gida da ya san aikinsa ba ribar kokwamba kaɗai yake dubawa ba, yana duba kofin lemon da za ta jawo.

Wannan dabarar 'yan Teksas sun gwanance a kanta. Frank Liberto, ɗan San Antonio wanda ya kafa kamfanin Ricos, shi ya kawo nachos filin wasa a 1976, a Arlington Stadium inda ƙungiyar Texas Rangers ke wasa a lokacin: soyayyen ƙanzon masara, narkakken cukun da ba ya daskarewa, a barbaɗa yankakken barkonon jalapeño da aka tsima a khal. An yi fargabar zai kashe kasuwar sauran kaya, sai ga shi cinikin lemo ya ƙaru. Daga filin wasa ya shiga gidajen sinima, yau babu inda ba a samunsa. Ka lura, barkonon nan ma tsimamme ne. Tsami da gishiri da yaji a kantar sinimar Amurka, sawun Teksas ne a kansu.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu gaskiya ne a New York kamar yadda yake a Dallas. Saura ɓangare na biyu na tambayarka, me ya sa sai a nan.

Amsar da za ka fi ji ita ce Jamusawa. Gaskiya ne dubban Jamusawa sun yi ƙaura zuwa tsakiyar Teksas a ƙarni na 19, suka kafa New Braunfels a 1845 da Fredericksburg a 1846, mutanen Cek suka biyo su, kuma dukkansu ma'abota tsima kabeji da kokwamba ne. Su suka kawo tsiran nama mai hayaƙi da ake tinƙaho da shi a jihar, kuma har yau in ka sayi gasasshen nama a Teksas da yankan kokwamba da albasa ake miƙo maka. Na yarda wannan ya bayyana yadda ta shiga kicin ɗin jihar. Amma a ganina bai kai ta sinima ba. Jikokin Jamusawa sun fi yawa a cikin al'ummar Wisconsin fiye da Teksas, can ne ma ake yin ta leda, amma ba a san 'yan Wisconsin da cin ta a sinima ba. Michigan ta daɗe a sahun gaba wajen noman kokwambar tsimi, New York kuma tana da tarihin Yahudawan gabashin Turai masu sayar da ita daga ganga a bakin titi. Duk ba su mayar da ita abincin kallon fim ba. Don haka labarin Jamusawa somin taɓi ne kawai.

Abin da na fi ba wa nauyi shi ne haɗuwar zafi da ɗan sari da makaranta.

Zafin Teksas ka riga ka ɗanɗana shi. A shekarun 1950, lokacin da sinimar fili ta shiga da mota ta kai ƙololuwa, Amurka na da irinta kusan 4,000, kuma Teksas na cikin jihohin da suka fi yawa. A irin wannan wuri, da daren bazara, cakulan narkewa yake a hannu, abin da aka yi da madara kuma abin tsoro ne. Kokwamba mai sanyi da aka tsamo daga cikin ƙanƙara, wadda kusan dukkanta ruwa ne da gishiri, ita ce abin da jikin da ya wuni yana gumi yake nema. Har ruwanta ba a zubarwa. A ranar 3 ga Satumba 2000, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Philadelphia Eagles ta zo gidan Dallas Cowboys cikin zafin da ya kai kusan digiri 43, 'yan wasanta suka yi ta shan ruwan kokwamba don gudun ɗaurewar tsoka, suka ci 41 da 14. Har yau da sunan ruwan kokwamba ake tuna wasan. Wani bincike da Kevin Miller ya jagoranta, wanda aka buga a 2010, ya nuna ruwan yana gaggauta sakin tsokar da ta ɗaure, da saurin da ya nuna tun a maƙogwaro yake aikinsa kafin ya kai ga jini.

Sai ɗan sari. A Fort Worth akwai kamfanin Best Maid, wanda iyalin Dalton suka kafa a 1926. Mildred Dalton ta fara ne da mayonis da take haɗawa a gida, mijinta yana sayarwa a shagonsa. Daga baya suka shiga noman kokwamba da tsima ta da kansu, har ta zama abin da aka san su da shi. In ka koma sinimar nan ka duba kwalbar, da wuya ba hoton 'yar yarinyar tambarinsu za ka gani ba. Muhimmancin wannan a harkar kanta ba ƙarami ba ne. Mai sinima a ƙaramin gari ba ya zama ya yi tunanin abin da ya dace da fim. Motar ɗan sari ce take zuwa, wadda ta kawo masa masara da mai da kofuna, kuma ita ce dai take kai kaya filin ƙwallon makaranta da wurin ninkaya da filin wasan yara. Abin da ke cikin motar shi ne zai hau kanta. Idan akwai babbar masana'anta a kusa mai cika kwalaben galan da araha, kokwamba za ta kasance a motar.

Makaranta kuwa ita ce ta ɗaure abin. Daren Juma'a a Teksas na ƙwallon 'yan sakandare ne, gari guda yakan tashi ya tafi fili. Rumfunan abincin wurin iyaye ne ke tsayawa a kai don tara wa makaranta kuɗi, mutanen da ba su da kicin ba su da jari. Me ya fi musu sauƙi? Kwalbar kokwamba da takardar naɗewa. Idan ta ƙare su zuba ruwan a ƙananan kofuna su daskarar, su sayar wa yara a matsayin ƙanƙara. Yaron da ya tashi yana sayen wannan da 'yan canjinsa tun yana firamare, ranar da ya je sinima zai neme ta, in ya girma ya saya wa 'ya'yansa. Mai sinima ba shi ya koya wa mutane cin ta ba. Ya tarar da baki ya riga ya saba, shi dai ya ajiye kwalba ya ninka farashi.

Kada a manta da Meziko, wadda Teksas ke cikinta kafin 1836. A kudancin jihar, daga San Antonio zuwa kwarin Rio Grande, haɗa tsami da gishiri da barkono da zaƙi a abu ɗaya shi ne ƙwalamar yara. Akwai miyar chamoy da ake zuba wa 'ya'yan itace, akwai gurzajjiyar ƙanƙara da ake sa wa yankakkiyar kokwamba mai tsami da garin lemo mai launi. A 'yan shekarun nan bidiyon kokwambar da aka cusa wa alewa aka tsoma a chamoy ya cika TikTok. Bakin da ya saba da wannan ba zai ga abin mamaki a kwalbar sinima ba. Maƙwabta ma suna da nasu salon. A yankin Delta na Mississippi ana tsima ta a Kool-Aid, wato irin wannan garin lemo mai launi, ta koma ja wur, a Atkins ta jihar Arkansas kuma Bernell Austin ya shahara da soya ta tun 1963, a shagonsa da ke daura da wata masana'antar kokwamba. Soyayyar ce Alamo Drafthouse, sinimar da aka kafa a Austin a 1997 wadda ake kawo wa mutum abinci har kujerarsa, ta sa a jerin abincinta.

Haka abin yake a ko'ina. A Koriya ta Kudu ana sayar da gasasshen naman wata halittar teku mai tsinkayen hannuwa, wanda aka shafa wa bota. A Indiya samosa ce ke tashe lokacin hutun rabin fim. A Ingila an daɗe ana zagayawa da askirim a tire. Kowace ƙasa abin da mutanenta suka riga suka saba saya a titi shi ne yake bin su ciki, in dai ya dace da lissafin mai gida.

Ba zan ce maka ba ta da aibi ba. Warin khal da tafarnuwa yana kaiwa layi biyu ko uku, wanda bai saba ba kuma yana iya ɓata masa kallo. Tana ɗiga, ruwan ya bi hannu ya sauka a gwiwar hannu ko a kujera, masu shara ba sa ƙaunarta. Ƙarar gatsarta a wurin da fim ya yi tsit ta fi ta gugguru. Shi ya sa babban kamfani mai rassa a jihohi da yawa zai sa ta a reshen Teksas ya ƙyale na wani wuri. Inda ba a saba ba, mutum biyu za su saya, goma su yi ƙorafi.

Ta fuskar lafiya, masu cewa ta fi sauran kayan kantar suna da rabin gaskiya. Ba ta da maiƙo, ba ta da sukari in ba mai zaƙin ba ce, ba ta sa ƙiba. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce miligiram 2,000 na sodiyam a rana, wato kimanin giram 5 na gishiri, ƙaramin cokali guda. Babbar kokwamba ɗaya ta cinye rabin wannan ko fiye, in ka haɗa da gugguru ka tsallake. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya bar ta, mai gyambon ciki ma ya yi hattara da tsamin. Kai da kake matashi, sau ɗaya a wani lokaci ba komai, sai dai ka bi ta da ruwa maimakon ƙaton kofin lemon da aka ɗana maka.

Nasan za ka so sanin ko ta halatta. Abin da ke cikinta kokwamba ne da ruwa da khal da gishiri da kayan ƙamshi, sai ɗan sinadarin da ke hana ta yin laushi da launin abinci mai ruwan ɗorawa. Babu nama a ciki, khal kuma hadisi ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci. A kantar nan tsiran naman ne ya kamata ka yi tambaya a kansa, domin wani da naman alade ake yi. Soyayyar kokwamba ma ka tambayi ko man da aka soya ta ba a soya wani abu a ciki ba.

In za ka gwada, ka nemi ta kwalba mai sanyi, ta fi ta leda ƙaras-ƙaras. A wasu wuraren mai sayarwa zai tambaye ka ko a tsiyaye ruwan ko a bar maka, karon farko ka ce a tsiyaye. Ka ɗebi takardar goge hannu da yawa, ka gutsiri kan kaɗan ka tsotse ruwan kafin ka yi babbar gatsa, in ba haka ba rigarka ce za ta sha. 'Yan gari suna haɗa ta da gugguru, gatsa ɗaya, damƙi ɗaya, wasu har yayyafa ruwan suke a cikin jakar. Wannan na ƙarshen ban ba ka shawara ba, gugguru jiƙewa yake ya zama danƙo tun fim bai yi nisa ba.